Yadda na shirya motata domin hunturun Winifeg

Birnin Winifeg, hedikwatar lardin Manitoba a ƙasar Kanada, yana cikin manyan biranen da suka fi tsananin sanyi a duniya. A watan Janairu abu ne da aka saba a kwana a digiri 20 ƙasa da sifili a ma'aunin Salshiyos, kuma kusan kowace shekara akan sami makon da ake kaiwa 30 ko fiye, har ma a watan Fabrairun 1966 an auna digiri 45 ƙasa da sifili a filin jirgin saman garin. Ko da a lokacin zafi mutum ya zo, zai ga alamar wannan sanyi a jikin motoci, domin kusan kowace mota akwai guntuwar waya mai fulogi da ke leƙowa ta gabanta, kuma wuraren ajiye motoci na gidajen haya da ma'aikatu an jera musu gajerun turaku masu soket. Motar da na saya, ƙarama mai silinda huɗu, ta hannu ce da aka kawo daga Bankuba, can gaɓar teku inda hunturu ruwan sama ne galibi, saboda haka ba ta da wannan waya kuma ba a taɓa shirya ta domin irin wannan yanayi ba. Dole na fara aikin tun daga tushe, kuma a watan Oktoba na fara shi.

Wanda ya fara ɗora ni a kan hanya wani dattijo ne ɗan Zariya da ya daɗe a garin, wanda muke haɗuwa da shi a masallacin Juma'a. Da na ce masa ina neman shawarar irin batirin da zan saya, sai ya girgiza kai ya ce, "Malam, ba batir kaɗai ba ne. Sanyi ta wuri biyu yake cin mota. Yana rage abin da batir zai iya bayarwa, kuma yana ƙara abin da inji yake nema kafin ya juya. Ranar da abin da ake nema ya fi abin da ake da shi, ranar za ka murza makulli ka ji shiru." Na ce, "To Alhaji, ta ina zan fara?" Ya ce in fara da sanin halin da batirina yake ciki, kada in sayi komai sai na auna. Duk abin da na yi daga baya a kan wannan lissafi ya tsaya: in ƙara wa batir ƙarfi ta wannan gefe, in rage wa inji nauyi ta wancan.

Batirin mota na yau da kullum faranti ne na dalma da aka jiƙa a cikin ruwan asid, kuma wutar da yake bayarwa daga haɗuwar sinadaran nan biyu take fitowa. Sanyi yana rage saurin wannan haɗuwa, ta yadda batirin da ke cike da caji, idan ya kwana a digiri 18 ƙasa da sifili, da ƙyar zai ba da rabin abin da yake bayarwa a ranar ɗumi. Wannan ne ya sa masu ƙera batir suke rubuta wata lamba a jikinsa tare da haruffan CCA, wadda ke nuna yawan amfiyar da batirin zai iya turawa na tsawon daƙiƙa 30 a digiri 18 ƙasa da sifili ba tare da ƙarfinsa ya faɗi ƙasa da bolt 7.2 ba. A ƙasashe masu zafi babu wanda ya damu da wannan lamba, amma a nan ita ce abu na farko da mai saye yake dubawa. Akwai kuma wani abu da ya fi wannan haɗari. Duk lokacin da batir ya yi ƙasa, asid ɗin da ke cikinsa yana komawa jikin farantan ne, abin da ya rage kuma yana ƙara kusantar ruwa zalla. Batirin da ke cike ba ya daskarewa sai an doshi digiri 60 ƙasa da sifili, wanda ba a kaiwa a Winifeg, amma wanda cajinsa ya ƙare yana iya zama ƙanƙara tun a wajen digiri 10 ƙasa da sifili, kuma idan ya daskare farantansa sukan lanƙwashe, kwanonsa ya tsage, shi ke nan ya tashi aiki.

Na sayi ƙaramar mitar auna wuta, irin wadda masu gyaran rediyo suke amfani da ita, na bar motar ta kwana ba a tayar da ita ba, da safe na buɗe bonet na ɗora jan tsinke a kan mai alamar tarawa, baƙin kuma a kan mai alamar ɗebewa. Ƙa'idar mai sauƙi ce: bolt 12.6 na nufin batir a cike yake, 12.4 ya sauka zuwa kashi uku cikin huɗu, 12.2 rabi ne, idan kuwa ya kai 12.0 to ana gab da rasa shi. Nawa ya nuna 12.3. Sai na tayar da injin na sake aunawa, ya nuna 14.2, wanda ya tabbatar mini cewa altaneta tana caji yadda ya kamata, tunda abin da ake so a gani tsakanin 13.8 ne da 14.7. Amma mita ba ta faɗin komai game da ƙarfin da ya rage wa batir idan an ɗora masa nauyi, domin tsohon batir yana iya nuna 12.6 ya kuma durƙushe da zarar sitata ta ja wuta. Saboda haka na kai motar shagon kayan mota, inda suka jona wata na'ura da ke gwada shi a ƙarƙashin nauyi. Takardar da ta fito ta nuna cewa abin da ya rage masa bai kai kashi biyu cikin uku na lambar da ke rubuce a jikinsa ba, kuma tambarin kwanan wata ya nuna ya haura shekara huɗu. Batir kan yi shekara uku zuwa biyar. A Kano da na ci gaba da lallaɓa shi har sai ranar da ya buƙaci turi, amma motar mai giyar otomatik ce, ba a tura ta ta tashi, kuma ko da ana turawa, ban ga wanda zai fito ya tura mota a kan ƙanƙara da asuba ba.

Na sayi sabo mai girman da ya dace da gurbinsa, mai lambar CCA da ta ɗan ɗara wadda littafin motar ya nema, na kuma sa shi da hannuna. Ana fara kwance baƙar waya kafin ja, idan an zo ɗaurawa kuma ja ce farko, baƙa ta zo ƙarshe, dalili kuwa shi ne baƙar a haɗe take da jikin motar gaba ɗaya, don haka muddin tana ɗaure, sifana da ta taɓa jan kai da ƙarfen mota a lokaci guda za ta yi tartsatsi. Da na cire kawunan sai na tarar da wani farin gari mai ɗan shuɗi-shuɗi ya taru a cikin maɗaurin, ya ci gefen notin har sifana mai lamba 10 tana zamewa. Na kwaɓa bekin soda da ruwan ɗumi na zuba, ya yi ta kumfa yana tsuwa, na goge da burushin ƙarfe har jan ƙarfen ya fito fes, sannan na ɗaure tam na shafa giris a sama. Wannan ɗan aikin, wanda bai ci kuɗi ba, ina ganin ya kai sayen batirin muhimmanci, domin sitata tana jan ɗaruruwan amfiya a cikin daƙiƙun farko, kuma duk dattin da ya tsaya tsakanin kan batir da wayarsa yana cinye wani kaso na wutar kafin ta isa inda ake bukatarta.

Daga nan na koma ɗaya gefen, wato rage wa inji nauyi, kuma a nan baƙin mai ne kan gaba. Lambobin da ke jikin galan, irin su 5W-30 ko 20W-50, kashi biyu ne: ta farko mai harafin W tana nuna yadda man yake gudu a cikin sanyi, ta biyu kuma kaurinsa idan inji ya yi zafi. Man da aka ba lambar 20W ana gwada juyawarsa ne a digiri 15 ƙasa da sifili, mai 10W a 25, mai 5W a 30, mai 0W kuma a 35. Ke nan 20W-50 ɗin da makanikai da yawa a gida suke zuba wa kowace mota ba shi da wurin zama a nan ko kaɗan. Makanikin da na je wurinsa yana ajiye kwalabe biyu a wajen ƙofar garejinsa domin nuna wa masu gardama. A wata safiya mai sanyi daga baya ya karkata mini su a lokaci guda: na farkon ya zubo siriri ba tsayawa, na biyun kuwa sai da ya ɗauki lokaci yana taruwa a bakin kwalbar, sannan ya saki wani dunƙule mai kauri yana jan zare. Irin wannan dunƙulen ne famfon mai zai yi ƙoƙarin turawa ta ƙananan hanyoyi zuwa saman inji, kuma kafin ya isa, ƙarfe yana gogar ƙarfe ne a bushe. Littafin motata ya yarda da 0W-20, don haka shi aka zuba, na sintetik, tare da sabuwar filta. Ban ba kowa shawarar ya sauya lamba da ra'ayin kansa ba. Abin da littafin motar ya halatta shi ne iyaka.

Ruwan lagireto shi ne wurin da kuskure ya fi tsada. Ruwa idan ya daskare yana ƙara girma da kusan kashi 9 cikin 100, kuma ƙarfin wannan kumburi ya isa ya tsaga lagireto ko ma gangar injin kanta. Abin da ake zubawa cakuɗe ne na ruwa da wani sinadari mai suna etilin gilaikol. Rabi da rabi yana jurewa har digiri 37 ƙasa da sifili, idan kuma sinadarin ya kai kashi 60 cikin 100 yana wuce digiri 50. Mai tunanin cewa zuba sinadarin zalla ya fi zai sha mamaki, domin shi kaɗai ba tare da ruwa ba yana daskarewa a wajen digiri 13 kacal ƙasa da sifili, shi ya sa ba a wuce kashi 70. Da makanikin ya zuƙo na motata da ɗan ma'auninsa mai robar matsawa, allurar ta tsaya a wajen 25, alamar cewa wani ya riƙa ƙara ruwan famfo a baya. A Bankuba wannan ba zai taɓa zama matsala ba. Aka zubar da shi duka, aka wanke, aka zuba sabo a kan kashi 60. Ruwan wanke gilashi ma na sauya shi da wanda aka rubuta wa digiri 40 ƙasa da sifili, bayan na fesar da tsohon har ya ƙare.

Tunda an riga an zubar da ruwan lagireto, a ranar ne aka sa hitar inji, wadda ita ce mai wayar nan da ke leƙowa ta gaban motoci. Ba ta da bambanci da hitar da ake tsomawa a bokiti domin ɗuma ruwan wanka, sai dai ita a cikin gangar inji ake cusa ta, ta wata kafa da aka tanada, inda za ta zauna a cikin ruwan ko a manne da ƙarfen da ke kewaye da shi. Ruwan da ya ɗumama yana tashi sama, mai sanyi ya sauko, a haka zafin yake zagaye gangar ba tare da famfo ba. Ana danganta ƙirƙirarta ga wani injiniyan lantarki mai suna Andrew Freeman na garin Grand Forks a jihar Dakota ta Arewa, kudu da mu kaɗan a hayin iyakar Amurka, wanda ya sami rajistar mallakar fasahar a 1949. Tasa ta farko a cikin ɗaya daga notocin kan inji take. Na yau suna cin wat 400 zuwa 1000 a wutar gida mai bolt 120. Tawa mai 400 ce. Ba ta sa inji ya yi zafi, abin da take yi shi ne ta ɗaga shi da digiri 20 ko fiye sama da iskar waje, ta yadda injin da ya kwana a 30 ƙasa da sifili zai wayi gari kamar a 10 ya kwana, kuma wannan bambancin ya isa.

Makanikin ya nuna mini yadda zan san tana aiki ba tare da na jira ranar sanyi ta gaya mini ba. Idan aka jona ta a wuri shiru, bayan ɗan lokaci akan ji wani siririn sauti na ruwa yana ɗumama. Hanya mafi tabbas kuwa ita ce a juya mita zuwa ma'aunin om, wanda ke auna yadda abu yake tare wuta, a ɗora tsinkayenta a kan haƙoran fulogin biyu masu faɗi: hita mai wat 400 za ta nuna wajen om 36, idan kuma mitar ba ta motsa ba, to ko wayar ta tsinke a ciki ko hitar ta ƙone. Galibi wayar ce, daidai wuyan fulogin, inda take shan lanƙwasa da gishirin titi. Wasu motocin kuma wayarsu tana da makunni na kanta wanda ba ya barin wuta ta wuce sai sanyi ya kai digiri 18 ƙasa da sifili, saboda haka mai irin wannan kada ya gwada a watan Oktoba ya ce ta mutu.

Abin da ya fi ɗaukar mini hankali a dukan aikin shi ne doguwar wayar da ke haɗa motar da soket ɗin bango, domin ita ce mutane suka fi rainawa kuma ita ce take haddasa gobara. Hukumar inshorar motoci ta Manitoba takan yi gargaɗi a kan wannan duk hunturu. Wayar cikin ɗaki ba ta yi, saboda robarta tana sandarewa a sanyi ta tsattsage. Na sayi mai haƙora uku wadda aka yi domin waje, mai kauri, gajeriya gwargwadon bukata, mai ɗan haske a bakinta da ke kamawa idan wuta ta iso. Wannan hasken yana da amfani fiye da yadda ake zato, domin daga tagar ɗaki nakan leƙa in san cewa soket ɗin bai yanke ba. Akan haɗa ta a ɗage ta daga ƙasa kada mahaɗar ta kwanta a cikin dusar ƙanƙara mai gishiri, ana cirewa ta hanyar riƙe fulogin ba fizgar wayar ba, kuma ba a jona hita ga motar da ke cikin rufaffen gareji. Dabarar da na gani wurin maƙwabta na ɗauka ita ce rataya wayar a kan madubin gefen direba kafin a kai ta gaba, ta yadda ba yadda za a yi mutum ya buɗe ƙofa bai tuna da ita ba. A titunan garin ba a rasa ganin motar da ke tafe tana jan wayarta a ƙasa.

Sai maganar lokaci. Mutane da yawa suna jona mota tun da magariba su bar ta har safe, amma bayan awa huɗu injin ya riga ya kai iyakar ɗumin da hitar za ta iya ba shi, abin da ya biyo baya asarar wuta ce kawai. Lissafin a fili yake: wat 400 a awa huɗu kilowat-awa 1.6 ne, wato yunit 1.6 na mitar wuta, a awa goma sha biyu kuma 4.8. Wutar Manitoba tana da sauƙin kuɗi, tunda kusan dukkanta daga madatsun ruwa take fitowa, musamman na kogin Nelson a arewa, amma wata huɗu ana ninka abu sau uku ba ƙaramin abu ba ne. Na sa agogon waje mai kunna wuta da kansa, na saita shi ya kama awa huɗu kafin lokacin fitata. Ma'aunin da nake bi shi ne digiri 15 ƙasa da sifili: idan hasashen dare ya kai nan, ina jonawa. Lambar da nake dubawa ita ce ta ainihin sanyin iska, ba wadda ake ƙarawa saboda kaɗawar iska ba, domin wannan ta biyun ta shafi fatar mutum ce. Iska tana sa inji ya huce da sauri, amma ba ta iya kai ƙarfe ƙasa da sanyin da ke gari. Duk da haka nakan juya gaban motar ga bango idan iskar arewa ta taso, saboda kada ta riƙa kwashe ɗumin da hitar take tarawa.

Hitar inji ba ta ɗuma batir, kuma wannan ne gurbin da ya rage. Akwai bargon lantarki da ake naɗe batir da shi, mai cin wuta kaɗan, akwai kuma ƙaramar caja mai lura da kanta wadda ake barin ta a jone tana cike abin da ya ragu. Na zaɓi cajar, saboda matsalata ba sanyin batir ba ce kawai, gajartar tafiyata ce. Daga gida zuwa wurin aiki bai fi minti goma ba, kuma a cikin mintunan nan fitilu suna kunne, fankar hita tana kan ƙarshe, wayoyin narkar da ƙanƙarar gilashin baya suna ja, kujera ma tana ɗumama. Batir mai sanyi kuma ba ya karɓar caji da sauri. Ma'ana kullum ana ɗiba fiye da yadda ake mayarwa, kuma a hankali cikakken batir zai sauko zuwa inda zai iya daskarewa ba tare da mai motar ya lura ba. Saboda haka duk ƙarshen mako nakan jona cajar ta kwana, ko kuma in hau babban titin da ya kewaye birnin in yi tafiyar rabin awa. Doguwar tafiyar tana da wani amfanin, domin tana ƙone raɓar da ke taruwa a cikin baƙin mai, wadda akan gani kamar farin kumfa a ƙarƙashin murfin zuba mai idan mota ba ta samun zafi sosai.

Gwajin gaske ya zo a watan Janairu, a wani dare da aka wuce digiri 35 ƙasa da sifili. Da safe roba da filastik duk sun sandare, kujerar ta yi tauri kamar ba soso a ciki, allon dashbod yana nuna lambobi a hankali. Na cire waya, na tabbatar fitilu da fanka da rediyo duk a kashe suke, na murza makulli zuwa matakin farko na ɗan jira famfon fetur ya gama kukansa, sannan na ba ta wuta. Sitata ta juya da nauyi sau biyu, injin ya kama. Ƙa'idar da aka koya mini ita ce kada a riƙe makulli fiye da daƙiƙa goma, idan ba ta tashi ba a huta rabin minti kafin a sake, kuma ba a taka totur a motar zamani mai injekta. Ban bar ta tana aiki a tsaye na tsawon lokaci ba. Mutanen garin da yawa suna tayar da mota daga cikin ɗaki su bar ta minti ashirin, kuma na fahimci dalilinsu, domin zama a kujera mai sanyi ba daɗi, amma wannan jin daɗin direba ne, ba bukatar inji ba. Inji a tsaye yana jinkirin yin zafi, fetur ɗin da bai ƙone ba yana wanke man da ke jikin silinda, kuma giya da sauran sassa ba sa ɗumama sai an motsa. Minti biyu ko uku, gwargwadon lokacin da zan kankare gilashi in ga hanya sosai, sun ishe ni, sannan in ja a hankali ba tare da ɗaga murya ga injin ba har allurar zafi ta fara tashi. Kafin in tayar kuma nakan duba bakin salansa, saboda idan dusar ƙanƙara ta toshe shi, iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da wari ko launi, tana iya komawa cikin motar ta yi kisa.

A wannan safiyar ne wani ɗalibi da ke gidan kusa da mu, wanda hunturunsa na farko ke nan, ya zo da wayoyin jona batir a hannu ya ce, "Yaya, don Allah a taimaka mini da wuta, tawa ko ƙyas ba ta yi." Motar ta yi kusan mako biyu a ajiye tun hutun ƙarshen shekara. Kafin mu jona komai na ce ya buɗe bonet mu duba. Gefen batirin ya kumbura ya yi ciki, kuma da na haska fitilar waya ta jikin farin kwanon, ruwan da ke ciki ba ya motsi ko da mun girgiza motar. Na ce masa wannan ba za a jona shi ba, domin tura wuta cikin daskararren batir yana iya fasa shi, ga iskar haidirojin da batir yake fitarwa, ga asid. Muka kwance shi muka shigar da shi ɗakin ƙasa ya narke a hankali, kuma da aka gwada shi washegari ya riga ya mutu. Da a ce bai daskare ba, tsarin jonawar sananne ne: ja a kan tarawa na mataccen, ɗaya bakin jan a kan tarawa na mai rai, baƙa a kan ɗebewa na mai rai, bakin ƙarshe kuma a jikin wani tsiraran ƙarfe na injin motar da ta mutu, nesa da batirin, saboda tartsatsin ƙarshe ya tashi a can. Ana cirewa ta bin akasin wannan jeri. A irin waɗannan ranaku masu motocin agaji sukan yi aiki ba hutu, jira yakan kai sa'o'i, shi ya sa na ajiye ƙaramin batirin tayar da mota na hannu, amma a cikin gida nake ajiye shi, tunda shi ma sanyi yana karya shi idan ya kwana a but.

Sauran ƙananan abubuwa ba su buƙatar dogon bayani. Tankin mai ba na barinsa ya sauka ƙasa da rabi, saboda raɓa da kuma saboda ranar da hanya za ta tsaya. Iskar taya tana raguwa da kusan PSI ɗaya a ma'aunin iskar taya duk lokacin da sanyi ya ƙaru da digiri biyar ko shida, don haka nakan duba ta idan yanayi ya juya. Masu motar dizal suna da tasu damuwar daban, domin mansu yana kakkafewa ya toshe filta idan ba na hunturu ba ne, kuma su hita a wurinsu ba zaɓi ba ce.

Da watan Afrilu ya kama, dare ya daina sauka ƙasa sosai, na cire agogon na naɗe doguwar wayar bayan na bi ta da yatsa daga farko zuwa ƙarshe ina neman tsaga. Fulogin hitar na goge masa gishiri, na shafa ɗan giris a haƙoransa, na rufe shi da murfinsa na ɗaure shi a bayan ragar gaba inda ba zai riƙa dukan fenti ba. Na kai motar aka wanke ƙarƙashinta saboda gishirin titi, na kuma sake auna batirin bayan ya kwana, ya nuna 12.6. Makanikin ya ce kada wannan lambar ta sa in saki jiki, domin zafin watannin Yuli da Agusta shi ne yake cin farantan batir a ɓoye, sanyi kuwa bayyana ɓarnar kawai yake yi, saboda haka gwajin ƙarƙashin nauyi za a sake shi a watan Oktoba, tare da auna ruwan lagireto da kuma om ɗin hitar.